Gyambon Lishmaniya da Aikin Gano Shi a Ƙananan Asibitocin Bwari

Gyambon lishmaniya cuta ce ta fata wadda wata ƙwaya mai suna Leishmania ke haddasawa, kuma ƙudan yashi ne ke kwaso ta daga jikin dabba ko mutum ya zuba wa wani ta hanyar cizo. Ƙwayar dangi ɗaya ce da wadda ke jawo ciwon barci da sammore, sai dai waccan ƙudan tsando ne ke yaɗa ta. Nau'o'in Leishmania da ke kama ɗan Adam sun haura 20, nau'o'in ƙudan da aka tabbatar suna ɗauke da ita kuma sun wuce 90.

Cutar kashi uku ce. Akwai mai tsayawa a fata, wadda ita ce ta fi yawa, kuma ita ce abin dubawa a nan. Akwai mai cin tattausan naman hanci da baki da maƙogwaro, wadda aka fi sani a Kudancin Amurka da Habasha. Sai ta cikin ciki, wato kala-azar, mai kumbura saifa da hanta, wadda ke kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka kamu idan ba a yi musu magani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da ta fata a kowace shekara, amma kusan 200,000 kawai labarinsu ke isa gare ta. Wannan giɓi shi ne tushen matsalar, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda ya fi faɗi.

Ƙudan da ƙwayar da yake ɗauke da ita

Ƙudan yashi ɗan mitsitsi ne, tsawonsa milimita 2 zuwa 3, launinsa na ƙasa-ƙasa, jikinsa duk gashi. In ya sauka ba ya kwantar da fikafikansa, a ɗage yake barin su. Ba ya kuka a kunne irin na sauro, ba ya kuma tashi sama sosai. Tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, kuma da wuya ya yi nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi fiye da 'yan ɗaruruwan mita. Iska mai ɗan ƙarfi ma tana hana shi fita. Macen ce kaɗai ke shan jini, don ƙwanta su nuna, kuma daga faɗuwar rana zuwa asuba take farauta.

Babban abin da ya raba shi da sauro shi ne wurin haihuwa. Sauro a ruwa yake ƙwai. Ƙudan yashi kuwa ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi yake nema: ramin ɓera, kogon suri, tsagin bangon ƙasa, gindin juji, turken awaki, akurkin kaji. Saboda haka duk wani gangamin yashe kwata da cike kududdufi, komai amfaninsa ga zazzaɓin cizon sauro, ba ya taɓa wannan ƙuda ko kaɗan.

Idan macen ta sha jinin dabba mai cutar, ƙwayar sai ta sauya kama a cikin hanjinta, ta yi tsawo, ta fito da bulala guda da take iyo da ita, ta hayayyafa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai ta taru a gaban hanjin har ta toshe shi, yadda in ƙudan ya zo cizo na gaba dole ya amayar da ita cikin fata kafin ya sami jini. Daga nan ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙin abu sai su haɗiye ta. A nan dabarar ƙwayar take: maimakon ta narke, sai ta zubar da bulalar, ta dunƙule, ta mayar da cikin abin da ya haɗiye ta gidan zama, tana haihuwa har ya fashe, 'ya'yan su shiga na kusa.

A yankin Sahel da dajin da ke kudu da shi, nau'in da aka fi tabbatarwa shi ne Leishmania major, ƙudan kuma Phlebotomus duboscqi. Wannan nau'i cutar ɓerayen daji ce tun asali. Binciken da aka yi a Keur Moussa ta ƙasar Senigal a shekarun 1970 ya gano ƙwayar a jikin ɓerayen gona na jinsin Mastomys da Arvicanthis da Tatera. Mutum katsalandan yake yi ya faɗa tsakanin ɓera da ƙuda, ko dai ta kwana a gona, ko ta gina gida a inda ramukan suke. Ba a ɗaukar cutar ta gaisawa ko cin abinci tare, ko ta taɓa gyambon, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa iyalin majinyaci haka ƙarara.

Yadda gyambon ke fitowa

Bayan cizo da makonni kaɗan, wani lokaci har wata uku ko huɗu, sai ɗan ƙurji ja ya fito a wurin, yawanci inda tufafi ba su rufe ba: fuska, wuya, hannu, ƙwauri. Ba ya zafi, sai ɗan ƙaiƙayi, shi ya sa ba a kula shi. A hankali ya yi tauri ya girma, ɓawo ya rufe samansa. Ranar da ɓawon ya ɗaye sai a ga rami mai jan ƙasa, gefensa a tashe da kauri kamar bakin kasko. Sau da yawa ba guda ɗaya ba ne, domin ƙudan da hanjinsa ya toshe yakan yi ta cizo a jere yana neman jini, sai gyambo uku ko biyar su fito kusa da juna. Wasu kan sami ƙananan ƙulli a jere a kan hanyar da ta nufi hammata ko matsematsi, ko kaluluwa.

Rashin zafi alama ce mai ƙarfi. Maruru yana zugi, yana nuna, ya fashe ya warke cikin kwanaki. Wannan kuwa sai ya yi wata da watanni yana nan, an sha kafso, an yi allura, an shafa ruwan shuɗi na kemis, bai gusa ba. In ya fara zafi da mugunya, to wata ƙwayar ce ta daban ta hau kansa.

Gyambon Leishmania major yakan warke da kansa cikin wata 2 zuwa 8, kuma wanda ya warke yakan sami kariya daga wannan nau'i mai daɗewa. Sai dai yana barin tabo mai lotsawa wanda ba ya ɓacewa. Wannan tabo ne ya sa bai dace a raina cutar don ba ta kisa ba. Yarinyar da ya zauna mata a kunci ko a kan hanci da shi za ta girma, kuma a inda ake ɗaukar duk wata doguwar cutar fata a matsayin kuturta ko sammu, illarsa ga karatu da aure da shiga jama'a ta fi ta gyambon kansa. Ga mai cutar ƙanjamau ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, abin ya fi muni: gyambon kan yaɗu, ya ƙi jin magani, ya dawo bayan an ɗauka ya tafi.

Tarihin saninta

Cutar tsohuwa ce a Gabas ta Tsakiya da Indiya, inda garuruwa da dama suka ba ta sunayensu: ƙurjin Halab, ƙurjin Bagadaza, ƙurjin Delhi. Alexander Russell ya bayyana ta a Halab a 1756. Likitan sojan Rasha Piotr Borovsky ya ga ƙwayar a gyambo a Tashkent a 1898, sannan a 1903 William Leishman da Charles Donovan, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana ta a saifar masu kala-azar na Indiya, aka sa wa ƙwayar sunan na farkon. A 1912 Gaspar Vianna ya fara magance ta da sinadarin antimoni a Barazil, a 1921 kuma 'yan uwan nan Sergent da abokan aikinsu a Aljeriya suka nuna cewa ƙudan yashi ne ke yaɗa ta.

Rahoton farko a Afirka ta Yamma daga ƙasar Hausa ya fito. A 1911 likitan Faransa Stévenel ya rubuta a kan gyambunan da ya gani a yankin Damagaram, ya ce su ne waɗanda ake gani a Gabas. A Nijeriya Dyce-Sharp ya kawo rahoto a 1924, Elmes da Hall suka biyo a 1944, Jelliffe a 1955. Daga nan sai abin ya koma jefi-jefi. Obasi ya wallafa a 1991 cewa a sashen fata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna a lokacin an ga masu cutar 21 cikin majinyata kusan 18,000 tsakanin 1979 da 1988. Mai karanta wannan adadi zai iya cewa cutar ba ta da yawa. Amma adadin waɗanda suka iya kai kansu gaban ƙwararren likitan fata a birni ke nan, kuma manomi da gyambonsa ba ya zafi ba zai biya kuɗin mota zuwa Kaduna ba. Da masu bincike daga Jami'ar Jos suka shiga Keana, garin gishiri da ke Jihar Nasarawa ta yanzu, a shekarun 1990, suka duba mutane a gidajensu da makarantunsu, sai suka tarar cutar zaunanniya ce a can. A 2007 likitoci a Sakkwato suka wallafa labarin ɓarkewarta a wata makarantar sakandare ta kwana.

Maƙwabta ma haka. An tabbatar da Leishmania major a Yamai a ƙarshen shekarun 1980. A Gana cutar ta ɓulla a yankin Ho na lardin Volta a 1999, dubban mutane suka kamu cikin 'yan shekaru. Amma misalin da ya fi dacewa da Abuja shi ne na Wagadugu. Daga 1996, lokacin da aka fara share daji a kudancin birnin don gina sabuwar unguwar Ouaga 2000, masu gyambon suka yi ta ƙaruwa har jama'a suka laƙaba wa cutar sunan unguwar. Birni ne ya faɗaɗa ya hau kan ramukan ɓeraye, ba wani abu ba.

Matsayin Bwari

Bwari ɗaya ce daga ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. An ƙirƙiro ta a 1996, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 220,000, adadin da ci gaban Kubwa da Dutse da Ushafa ya daɗe da barin sa a baya. Ƙasar Gbagyi ce mai duwatsu da kwari da gonakin doya da dawa da masara, tana iyaka da jihohin Kaduna da Neja, ga kuma Nasarawa, jihar da Keana take, a gabas da birnin tarayya.

Abu biyu ne suka sa ya dace ma'aikatan lafiya na Bwari su san wannan gyambo. Na farko shi ne irin ginin da ake yi. Abin da ya faru a Wagadugu shi ne ainihin yadda sababbin unguwanni ke tasowa a gefen Abuja: a yanka fili a tsohuwar gona, a tayar da bango ba filasta, a tare kafin a sa raga a taga, ga suri a bayan gida, ga juji, ga turken dabbobi. Masu gadin gine-ginen da ba a gama ba da leburori da masu fasa dutse suna kwana a waje ko a ƙasa lokacin zafi, daidai tsayin da ƙudan ke yawo. A ƙauyuka irin su Igu da Kawu da Shere kuma akwai ɗakunan ƙasa da rumbuna da kwanan gona lokacin kaka.

Na biyu shi ne zirga-zirgar mutane. Hedikwatar Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya a Bwari take, haka hedikwatar JAMB, da Jami'ar Veritas, da Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Kubwa. Ga 'yan cirani daga Sakkwato da Zamfara da Katsina da kudancin Nijar da ke sauka bayan girbi, ga makiyaya, ga sojoji da 'yan gudun hijira daga Arewa maso Gabas. Tun da cutar na ɗaukar makonni ko watanni kafin ta bayyana, wanda aka ciza a gonarsa a Sakkwato da damina, a Dutse ko Kubwa gyambonsa zai buɗe da rani. Saboda haka tambayar "ina ka kwana a watanni huɗu da suka wuce?" tana cikin gwaji, kuma ita ce za ta raba cutar da aka shigo da ita da wadda aka ɗauka a gida. In aka sami yaron da bai taɓa barin ƙauyensu ba da gyambon da aka tabbatar, wannan shaida ce cewa ƙudan da ɓeran suna nan kusa, kuma aikin ya tashi daga na asibiti kawai ya koma na binciken muhalli.

Gwaji

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, domin cututtuka da dama suna kama da wannan: gyambon Buruli, tarin fuka na fata, kuturta, gyambon ƙafa na masu sikila da masu ciwon suga, wasu cututtukan funfuna masu shiga nama, da dajin fata. Kowannensu da maganinsa, kuma kuskure a nan yana da tsada. Wanda aka yi ta ba shi maganin lishmaniya alhali dajin fata ne da shi, an ci masa lokacin da ba zai dawo ba.

Gwajin farko kuwa mai sauƙi ne ƙwarai. Ana wanke gyambon, a ɗaye ɓawon, a matse gefen da ya tashi da yatsu biyu har jini ya janye wurin ya yi fari, sai a ɗan tsaga da wuƙar tiyata a kankaro naman ciki. Daga gefen ake ɗiba, ba daga tsakiyar ramin ba, don tsakiyar mataccen nama ne da mugunya. A shafa a gilashi, a bari ya bushe, a kafe shi da metanol, a rina da rinin Giemsa, a duba da madubin likita ta babban ido mai amfani da mai. Abin da ake nema ƙananan ƙwayoyi ne masu siffar ƙwai, maikuromita 2 zuwa 4, cunkushe cikin ƙwayar garkuwar jiki ko warwatse a gefenta, kowace da ɗigo babba da wani ɗan sanda ƙarami a kusa da shi. Ganin ɗan sandan nan shi ke tabbatarwa.

Duk kayan da aka lissafa, in ban da wuƙar, su ne na gwajin zazzaɓin cizon sauro: gilashi ɗaya, rini ɗaya, madubi ɗaya. Ma'aikacin ɗakin gwajin da ya iya gane ƙwayar maleriya a jini, horon 'yan kwanaki ya ishe shi ya gane wannan. Ke nan abin da ya rage ba sayen na'ura ba ne, sai dai ma'aikacin da ke duba majinyaci ya tuna da cutar har ya nemi a yi gwajin. Akwai ƙalubale guda da bai kamata a ɓoye ba: yawaitar gwajin maleriya na gaggawa ya sa madubi ya koma cikin kwali a wurare da yawa, hannu kuma ya manta. Sannan tsohon gyambo ƙwayoyinsa kaɗan ne, don haka rashin ganinsu sau ɗaya bai wanke majinyaci ba. Irin wannan sai a tura shi Babban Asibitin Bwari ko na Kubwa, daga can zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa, inda za a iya yankar nama a duba. Gwajin PCR shi ne ke faɗin nau'in ƙwayar, kuma saninsa na da amfani tun da magani ya danganta da nau'i.

Magani

Ba kowane gyambo ne ke buƙatar allura ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in nau'in Leishmania major ne, gyambunan ba su kai huɗu ba, faɗin kowanne bai kai santimita 5 ba, ba a fuska ko gaɓa ko yatsu suke ba, kuma garkuwar jikin mutum lafiya lau, to wanki da ɗauri da bibiya sun wadatar. In ana son gaggauta warkewa akwai man shafawa na faromomaisin mai ƙarfin kashi 15 cikin 100, ko ƙona wurin da sanyin ruwan naitirojin, ko gasa shi da na'ura a zafin digiri 50 na daƙiƙa 30, ko yin allurar antimoni a cikin gefen gyambon kansa.

Sai gyambo ya yi yawa, ko ya yi girma, ko ya zauna inda zai nakasa mutum, ake komawa ga maganin da ke ratsa jiki duka. Allurar antimoni ta miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum, kwana 10 zuwa 20, ita ce tsohuwar hanya, amma tana taɓa zuciya da hanta, ba a yi wa mai ciki, kuma ba maganin da za a bar wa mai kemis ba ne. Wani gwaji a Saudiyya da aka wallafa a 2002 ya nuna fulukonazol na miligiram 200 a kullum har mako shida yana rage tsawon jinyar wannan nau'i. Akwai kuma miltefosin na haɗiya, wanda ke illa ga ɗan tayi, da amfoterisin na ƙarin ruwa. Har yanzu babu allurar rigakafi da aka amince da ita ga mutane, duk da cewa a da mutanen Gabas ta Tsakiya kan ɗebi ruwan gyambo su sa wa yaro a ɓoyayyen wuri a jiki don kada tabon ya fito masa a fuska.

Abin da ya fi ɓata gyambo shi ne abin da ake zuba masa kafin a zo asibiti: ruwan batir, garin kafso, toka, ƙuna da ƙarfe. Tun da cutar na warkewa da kanta, duk abin da aka shafa na ƙarshe shi ke karɓar yabo, alhali ya ƙara faɗin tabon ne kawai. Masu maganin gargajiya da masu kemis su ne ke fara ganin waɗannan majinyata, don haka jawo su cikin aikin turawa asibiti ya fi amfani a kan zaginsu.

Kariya da kai rahoto

Gidan sauro marar magani ba ya tare ƙudan yashi, ta cikin hudojin yake wucewa. Mai magani kuwa yana kashe shi ko ya kore shi. Liƙe tsagin bango, nisanta turke da juji daga ɗakin kwana, toshe ramukan ɓera, kwanciya a kan gado maimakon ƙasa, da rufe hannu da ƙafa bayan magariba duk suna rage cizo. Feshin magani a bangon ɗaki yana aiki inda ƙudan ke shiga gida. A Wagadugu an fi ganin masu gyambon daga tsakiyar damina zuwa kaka, don haka watannin ƙarshen ruwa da farkon hunturu ne suka fi cancantar sa ido a Bwari, inda damina ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba.

Taswirar aiki ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 zuwa 2030 ta sa burin a gano kashi 85 cikin 100 na sababbin masu cutar a kai rahotonsu, a kuma yi wa kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka kai rahoton magani. A 2022 hukumar ta fitar da tsarin haɗa cututtukan fata da aka yi sakaci da su wuri ɗaya, yadda ma'aikacin da ya fita neman kuturta ko gyambon Buruli zai duba lishmaniya da ƙazuwa a tafiya guda. Wannan tsari ya dace da Bwari, domin ba ya buƙatar sabon ofis.

Kira ga sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Bwari da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Babban Birnin Tarayya shi ne su kafa ƙa'ida guda a dukkan mazaɓu goma: duk gyambon da ya wuce wata ɗaya bai ji magani ba, a tambayi inda mai shi ya kwana a watannin baya, a kankari gefensa a rina a duba, a ɗauki hotonsa da izinin majinyaci, sannan a rubuta sakamakon a rajista da sunan unguwa ko ƙauye.